Ranar da Aka Ɗauki Hoton Gida

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ba da son raina ba. Ranar Sallar nan da ta wuce, da kuka taru a tsakar gidana kuka miƙo mini ƙaton hoton nan cikin gilashi, kun ga na fashe da kuka, sai kowa ya hau murmushi ana cewa Hajiya ta ji daɗi. To ban ji daɗi ba. Na yi shiru ne saboda ranar Sallah ce, ga surukai a zaune, ga jikana Nura, wanda ya ɗauke tsohon hoton daga ƙasan akwatina ya kai Kano aka gyara, yana tsaye yana washe baki yana jiran in sa masa albarka. Na sa masa, don da zuciya ɗaya ya yi. Amma tun ranar hoton yana jingine a bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango, kuma na san kun lura kuna ta ƙus-ƙus a kai. Ku zauna ku karanta, ku daina cewa tsufa ne ya fara taɓa ni.

Kun taso kuna jin cewa kakanku, mahaifina, manomi ne a Sara ta ƙasar Gwaram. Gaskiya ne, amma wa ba manomi ba ne a Sara? Da damina yana gona kamar kowa. Da an kai amfani gida kuwa, sai ya koma abin da aka san shi da shi, Isa Magini. Ba ya taɓa siminti, bai ma san shi ba a lokacin. Ƙasa yake kwaɓawa da ciyawa, a yi tubali a shanya, ya ɗora bango, ya jera azara ya rufe soro. Magina suna da yawa a wancan zamani, sai dai abin da ya sa ake zuwa nemansa daga Gwaram har Unguwar Ya shi ne zanen fuskar gida. Yana yi da tafin hannu da yatsu tun yaɓen yana ɗanye, ba ya awo, ba ya gwadawa a ƙasa tukuna. Mutum ne marar yawan magana, kuma ko sau ɗaya ban taɓa jin ya ce aikinsa ya yi kyau ba. In an yaba, sai ya sunkuyar da kai ya ce ƙasar wajen ce mai kyau.

Zauren gidanmu ya gina shi ne a ranin da ya biyo bayan samun 'yancin kai, ina 'yar ƙarama ina bin masu taka ƙasa ina ɓata ƙafafuna. A gidajen mutane yakan zana musu abin da suka zaɓa, dagi ko takobi, wani ma agogo, akwai wani attajirin Gwaram da ya ce lallai sai an yi masa keke. A nasa zauren bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙahoni ya yi. Manya guda biyu sun taso daga gefen ƙofa dama da hagu, suka miƙe sama suka lanƙwasa, suka kusa haɗuwa a ƙarƙashin zankwaye, wato tsinin nan da ake yi a saman soro. A cikinsu ga wasu ƙanana, a cikin waɗannan ga wasu, bi da bi, har su ƙare a kan ƙofar. Ya shafe bangon da farar ƙasa, ƙahonin kuma ja. Da hantsi, in rana ta bugo su ta gefe suka yi inuwa, sai ka ga kamar garke ne ya taso yana nufo ka, kai kuma kana shiga tsakiyarsa. Fulani masu wucewa da shanu sukan tsaya su dogara sanda su yi ta kallo. Limaminmu ya taɓa yi masa magana a kan zanen abu mai rai, Baba ya bi bangon da ido ya ce:

"Allah gafarta Malam, ina saniyar? Ni dai ƙaho nake gani."

Liman ya yi dariya, maganar ta mutu a nan.

Ni kaɗai ya gaya wa inda ya samo su, don sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake kirana, kuma da ni yake sakin baki. Ya ce yana saurayi ya bi maigidansa aiki Birnin Kudu, ruwan farko ya kama shi a bayan gari, ya ruga ya fake a ƙarƙashin wani dutse. Yana ɗaga kai sai ya ga shanu a jikin dutsen, jajaye, masu dogayen ƙahoni, an zana su tun ba a san lokaci ba. Ya ce har ruwan ya ɗauke bai sani ba.

"Uwata, na tambayi tsofaffin garin wa ya yi su, suka ce su ma haka suka tarar. Mutumin ya tafi, sunansa ya tafi, amma ga hannunsa nan. Tun ranar ban ƙara kallon bango na gan shi bango kawai ba."

Sai dai shi wancan a dutse ya yi nasa, Baba kuwa a ƙasa. Kowace damina sai ta ci wani abu daga zauren, kowace kaka kuma sai Baba ya jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan da ake yaɓe da shi don ya tare ruwa, ya kafa tsani ya hau ya mayar da abin da ruwa ya ɗauke. Har yau in na ji warin makuba sai in ji kamar an kira sunana. Haka ya riƙe zauren nan shekara da shekaru, kamar yadda ake riƙon mai rai.

Yanzu sai in kawo muku Yaya Habu, kawunku, wanda wasunku suke cewa shi ya fitar da gidanmu kunya, wasu kuma suna cewa girman kai ne ya sa ya rushe gadon ubansa. Duk kun yi kuskure. Yaya Habu ɗan fari ne, kuma ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan kalma ba. Baba da Inna ba su taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" suke cewa, in yana kusa kuma "kai". Ba sa kallon idonsa, ba sa hira da shi, ba sa nuna sun damu ko ya ci ko bai ci ba, alhali kuwa zuciyarsu tana wurinsa fiye da mu duka. Ni ma haka na yi wa babbanku, ga shi nan da ransa ku tambaye shi. Yaya bai koyi gini ba, hannunsa bai karɓa ba, kuma Baba bai iya zaunar da shi ya ce masa komai a kai ba. Yana tasowa ya bi wata babbar mota ya tafi Legas. Shekaru suka yi ta wucewa, sai dai saƙon gaisuwa da ɗan atamfa a hannun direbobi. Duk ranar kasuwa Baba yana zaune a bakin zaure yana kallon hanyar da motoci ke shigowa, kuma in ka tambaye shi sai ya ce iska yake sha.

Sai kuɗin mai ya zo. Ko'ina aka hau gini da bulo da kwano, siminti ya zama abin da kowa ke nema, Yaya Habu kuma ya samu motar kansa yana ɗauko shi daga bakin teku zuwa Arewa. Allah ya buɗa masa. A shekarar nan ni ina aure a Kiyako, na haifi babbanku na dawo gida wankan jego, shi ya sa duk abin da zan faɗa a idona aka yi shi. Da kakar shekarar Baba ya hau tsani yin yaɓe kamar kullum, ƙafarsa ta zame ya faɗo, hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Mai ɗori ya zo ya ɗaure. Labari ya kai Legas, ba a daɗe ba sai ga Yaya a ƙaramar mota sabuwa. Ba ta da inda za ta shiga, aka ajiye ta ƙarƙashin durumin ƙofar gida yara suna zagaya ta.

Washegari da safe ya durƙusa a gaban Baba cikin zaure. Na kawo musu fura, na tsaya a bayan ƙofar ciki. Yaya kansa a ƙasa, Baba kuma yana kallon azara.

"Baba, wahalar nan ta isa. Yau hannu ne, gobe ba mu san me zai zama ba. Ka ba ni izini in kawo bulo da kwano a yi gini wanda ba sai an hau shi kowace shekara ba. A buɗe babbar ƙofa nan inda zauren yake, mota ta riƙa shiga. In an gama zan kwaso iyalina mu dawo gida gaba ɗaya. Na gaji da zaman can."

Baba ya ci gaba da kallon azara. Can ya ce a bar shi ya yi tunani.

Ina so ku gane, Yaya ba ƙin zauren yake yi ba. Shi a wurinsa zauren ne ya karya hannun ubansa. Kuma abin da ya ɗora a kan maganar, dawowa gida, shi ne abin da Baba ya shekara goma sha wani abu yana jira a bakin wannan zauren. Inna ba ta ɓoye nata ba. Tana tankaɗe a tsakar gida tana magana da ƙarfi yadda zai ji:

"Malam, me za ka yi wa tunani? Yaron nan ya ce zai dawo. Jikokinka ba su san kamanninka ba. In ka kwanta ciwo bangon ne zai miƙo maka ruwa?"

Ni kuwa da na samu Baba shi kaɗai, na ce masa a yi ginin a gefe mana a bar zauren. Na san ba wuri, masallaci ne a hannun dama, katangar maƙwabta a hagu, amma na faɗa. Ya girgiza kai.

"Uwata, in na ce masa a bar zauren, abin da zai ji shi ne na ce ya koma. Ban taɓa roƙonsa komai ba, shi ma bai taɓa kawo mini komai da bakinsa ba sai wannan. Ba zan mayar masa da shi ba."

Da ya yanke shawara, a zauren ya faɗa, fuskarsa na kallon waje, kamar da durumi yake magana.

"Na yarda. Amma kafin a sa diga, a samo mai hoto ya ɗauki gidan nan."

Yaya ya ɗago kai fuskarsa cike da murna.

"An gama, Baba. Kowa da kowa zai fito, har su Inna."

To kun ji inda abin ya karkace. Gida ya ce. Ku da kanku in aka ce muku ina gida, ba bango ake tambaya ba, mutane ake tambaya. Yaya ya ji ubansa, wanda bai taɓa neman tsayawa kusa da shi ba, yana son a haɗa su a hoto ɗaya. Inna ma haka ta ji, ni ma da nake tsaye haka na ji. Na ga Baba ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya rufe. Ta yaya mutumin da bai taɓa yabon aikinsa ba zai ce wa ɗansa na fari, wanda ke shirin rushe aikin, ba ku nake nufi ba, bangona nake nufi?

Na fara ganewa ne a kwanakin da ake jiran mai hoton. Baba da karyayyen hannu a rataye, ya jiƙa farar ƙasa da jar ƙasa, ya sa aka riƙe masa tsani, ya hau yana shafe fuskar zauren da hannun hagu. Ƙaho bayan ƙaho yake bi yana cike inda ya tsage. Inna ta fito ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Malam, wa ke yi wa abin da za a rushe kwalliya? So kake ɗayan ma ya karye?"

Ya ci gaba da shafe bangonsa. Ban taɓa ganin zauren ya yi kyau irin na wannan makon ba, kuma duk lokacin da na leƙa na gan shi sai gabana ya faɗi.

Mai hoton ya zo daga Birnin Kudu a kan babur, da hantsi. Mutumin Kudu ne da ya daɗe a cikinmu, Hausa a bakinsa tamkar a nan aka haife shi, mai fara'a da barkwanci. Ya ɗauro akwatin hotonsa mai ƙafa uku, da wani abu a naɗe kamar tabarma. Ranar aka yi wa mata izini mu fito ƙofar gida. Inna ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, ta ciro zanen da take ɓoyo tun aurena, ta sa kwalli, ta karɓi jaririn daga hannuna tunda ni ba zan riƙe shi a gaban mutane ba. Aka fito da kujeru. Maƙwabta suka cika wurin. Baba ya sa farar rigarsa amma bai zo wajen kujerun ba, ya koma gefe can wajen mai hoton ya tsaya, yana kallon zauren daga inda akwatin yake kallo.

Sai mai hoton ya warware abin nan da ya naɗo. Labule ne babba, an zana dogon bene mai tagogi da yawa a jiki, ga gada, ga jirgin sama yana wucewa ta kai. Mutane suka ɗauki sowa. Yaya ya ce wallahi kamar a Legas. Shi da mai hoton suka hau kujera, suka ɗaga labulen suka rufe fuskar zauren da shi, suka kafa ƙusoshi. Ina jin ƙarar guduma tana shiga jikin ƙahonin da Baba ya gama shafewa jiya-jiya. Baba ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam mai hoto, ai ginin..."

Mutumin ya juyo da murmushi, ya ɗan rusuna, don shi a ganinsa tsoho ne ke jin kunyar gidan ƙasa.

"Kar ka damu, Baba, ƙasar ba za ta fito ba ko kaɗan. Na rufe ta ruf. Duk wanda ya ga hoton nan zai ce a birni kuke."

Aka yi dariya. Yaya ma ya yi, irin dariyar yaron da ya yi wa ubansa abin kirki. Na ga Baba ya dubi fuskar Yaya, abin da ba ya yi, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "To." Ni kuwa sai na ce:

"Yaya, in an gama a ɗauki ɗaya ba labulen mana."

"Ke mai jego, me za a yi da hoton bango? Gyara mayafinki."

Zan sake magana Baba ya dube ni.

"Uwata, zauna."

Na zauna. Aka sa Baba a tsakiya, Inna a gefensa da jariri, Yaya Habu ya tsaya a bayansa da doguwar hularsa, ya ɗora hannu a kan kujerar. Mai hoton ya shige cikin baƙin ƙyallensa ya ce kowa ya tsaya cak. In kun duba za ku ga kowa na kallon gaba ban da ni, kuma za ku ga Baba bai yi murmushi ba. Kun sha cewa mutanen da ba su iya murmushi a hoto ba. Sun iya.

Ba a yi mako ba leburori suka zo da diga. Zauren ya ba su wuya, sai su sara digar ta dawo. Baba ne ya fito ya nuna musu azarar da za su fara zarewa don kada rufin ya faɗo musu a ka. Da ya ga sun kama hanya sai ya ɗauki sandarsa ya tafi gona, an riga an gama girbi, ba komai a gonar sai kara. Bai dawo ba sai da la'asar ta yi sanyi, lokacin an gama. Na tsaya a tsakar gida ina hango titi ta inda ban taɓa hango shi ba, na yi kuka har Inna ta ce zan ɓata wa yaro nono. Abu ɗaya Baba ya roƙa, a kwashe ƙasar a kai gonarsa, ya ce tsohuwar ƙasar gini taki ce. Jakuna suka yi ta jigila, jar ƙasa da fara a gauraye cikin mangala.

Hoton bai iso ba sai da bulo ya kai tsayin mutum. Aka yi ta karɓa hannu zuwa hannu, Inna tana rufe baki tana cewa ashe haka take. Da ya zo hannun Baba ya fita da shi haske, ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi kusa. Yaya yana tsaye yana jira.

"Kowa ya fito," in ji Baba. "Allah ya yi albarka."

Yaya ya tafi da farin cikinsa, kuma har ya bar duniya bai san akwai wani abu bayan wannan ba. Da aka watse Baba ya yafito ni. Ya ɗora babban yatsansa a saman hoton, daidai kan hular Yaya, inda bakin labulen ya ɗan saki tsakanin ƙusa da ƙusa. Wani ɗan abu ne baƙi-baƙi mai lanƙwasa ya leƙo a wurin, bai fi yankan farce ba.

"Uwata, kin gani? Labulen bai kai ba. Tsinin ƙahon hagu ne."

Ya yi murmushi, ni kuma na kasa. Daga baya ya ba ni hoton ya ce in ajiye, don ni kaɗai na san abin da ke ciki.

Yaya Habu ya cika alkawari, kada wani ya ce muku bai cika ba. Ya gama gini, ya sa ƙofar ƙarfe, ya kwaso iyalinsa. Baba ya ga jikokinsa, ya ɗauke su a cinya, kuma na tabbata wannan ya ji daɗinsa har zuci. Amma damina biyu kawai suka yi. Harkar mota ba ta zama a ƙauye, kuɗin man ma ya fara ja da baya, Yaya ya koma Kano da iyalinsa yana cewa na ɗan lokaci ne. A hanyar Kudu ya yi hatsari ya rasu, Baba yana da rai. Aka bar tsofaffi biyu a gidan kwano, da rani zafi ya hana su zaman ɗaki, da damina ƙarar ruwa ta hana su jin maganar juna. Hannun Baba ya warke amma ba wanda ya ƙara kiransa aiki, kowa birkila mai ginin bulo yake nema. Ya koma zaman gindin durumi, bayansa na jingine da itacen, ƙofar ƙarfen tana bayansa. Ban taɓa jin ya yi nadama da baki ba, kuma ban taɓa ganin ya juyo ya kalli gidan ba sai in zai shiga.

Wata zuwa da na yi daga Kiyako na tafi masa da farin ƙyallen hula da gawayi, na ce ya zana mini zauren in ɗinka. Ya ce shi bai iya zane a tsumma ba. Na ajiye masa na shiga ciki. Da na fito na tarar ya yi, layin ya karkace, amma su ne, manya biyu da ƙanana a cikinsu. Na ɗinka da jan zare a kan fari. Ita ya riƙa sawa har ya rasu. Bayan mahaifinku ya rasu, da ɗinkin hular nan na riƙe ku, kun sani, kuma kun ji 'yan kasuwar Birnin Kudu suna ce masa ɗinkin Hajiya. Ba nawa ba ne, kwafa na yi, kuma zare bai taɓa yin inuwar da ƙasa take yi da hantsi ba. Sau ɗaya na je na ga shanun dutsen da idona, bayan rasuwar Baba. Sun fi ƙanƙanta a kan yadda na zata, sun dusashe, amma suna nan. Na tsaya a gabansu ina jin haushin mutumin da ban sani ba, don shi ya samu dutse.

To ga sabon hotonku. An wanke fuskoki sun yi haske, an sa wa zanen Inna launin da ba nasa ba, benen labulen ya fito fes har ɗaya daga cikin 'yan jikokin yana tambaya ko gidan kakanmu ne. Na kai idona saman hular Yaya Habu, wurin da nake fara dubawa duk lokacin da na buɗe akwati, na ga fari tas. Nura ya ga inda nake kallo, ya matso da alfahari.

"Hajiya, har wani tabo da ke nan sama na sa sun goge. Da kin ga yadda ya ɓata hoton."

Na ce ina tsohon. Ya ce ya baro shi a shagon, ai duk ya ci, me za a yi da shi tunda ga sabo. Na ce to, Allah ya yi albarka. Sai da kuka watse na ji abin da ya fito daga bakina, na gane maganar wa na maimaita.

Kwanakin nan da na yi ina juya hoto bango ina jira ku gane da kanku, irin shirun Baba nake yi, kuma na ga inda nasa ya kai shi. Ni ba zan mutu da nawa ba. Nura, maigidana, ban yi fushi da kai ba, ba wanda ya taɓa gaya maka. Amma gobe in Allah ya kai mu ka hau mota ka koma shagon nan, ka sa su duba aljihun tebur, su duba ƙasan benci, su zazzage kwandon shara in ta kama. Kada ka ce musu hoton gida kake nema, don za su nuna maka mutane. Mutanen na san su, a hannuna yawancinsu suka cika. Ka ce musu tsohuwa ta aiko ka, tabon take so.